Ɗan Masanin Kano Alhaji Yusuf Maitama Sule: Bakin Nijeriya a Zauren Duniya

(Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya)



Kwamitin shirya taro ya umarce ni da in yi magana a kan ɗaya daga cikin dattawan ƙasar nan waɗanda suka riƙe manyan muƙaman gwamnati kuma suka wakilci Nijeriya a ƙasashen waje. Na zaɓi marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, saboda dalili guda. Duk inda aka ambaci sunansa a yau, abin da ke fara zuwa zukatan jama'a shi ne baki. Za ka ji ana cewa Allah Ya yi masa baiwar magana, ya iya Turanci kamar Bature, ya iya Hausa kamar shi ya ƙage ta, yana sa mutane dariya da kuka a zama ɗaya. Duk wannan gaskiya ne. To amma masu fasahar magana suna da yawa a kowace kasuwa da kowane gidan biki, kuma tarihi bai riƙe sunayensu ba. Idan muka tsaya ga yabon bakin Ɗan Masani kawai, mun tauye masa haƙƙi. Abin da ya kamata mu bincika shi ne aikin da ya yi da wannan baki, da wuraren da ya kai shi, da abin da ya samu ya ciwo da shi, da kuma inda bakin ya gaza.

An haife shi a birnin Kano a shekarar 1929. Ba ɗan sarki ba ne, ba kuma ɗan attajiri ba. Mahaifinsa yana cikin masu yi wa gidan Madakin Kano hidima, kuma shi kansa bai taɓa ɓoye wannan asali ba, hasali ma yakan faɗe shi da bakinsa a gaban manyan taruka. Ya yi Elementare ta Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, daga nan sai Kwalejin Kaduna, wadda daga baya aka mayar Zariya ta zama Kwalejin Barewa. Da ya gama ya komo Midil ta Kano ya zama malami. A wannan zamani ne ya shahara da shirya wasan kwaikwayo, har sunansa ya shiga tarihin wasan kwaikwayon Hausa. Kada a raina wannan ɓangare na rayuwarsa. Mutumin da ya saba tsayawa gaban aji mai yara arba'in, ya kuma saba hawa dandali yana karanta fuskokin 'yan kallo, ya riga ya koyi rabin aikin jakada: sanin wanda kake yi wa magana, da sanin lokacin ɗaga murya da lokacin sassauta ta.

A 1954 aka zaɓe shi zuwa Majalisar Wakilai ta Tarayya a Ikko a ƙarƙashin jam'iyyar NPC, yana ɗan shekara 25. Ya riƙe muƙamin mai tsawatarwa a majalisar, sannan bayan zaɓen 1959 Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya naɗa shi Ministan Ma'adinai da Wutar Lantarki. Ya zauna a wannan kujera har zuwa juyin mulkin Janairun 1966.

Mutane kan ɗauki wannan ma'aikata a matsayin aikin cikin gida, amma a wancan lokaci rabin aikinta hulɗa ce da ƙasashen waje. An gano man fetur a Oloibiri a 1956, an fara fitar da shi a 1958, kuma harkar tana hannun kamfanin Shell-BP kusan gaba ɗaya. A cikin shekarun ministancinsa ne wasu kamfanoni daga Amurka da Italiya da Faransa, irin su Gulf da Agip da Safrap, suka samu izinin neman mai, wato aka daina dogara ga ƙofa ɗaya. A cikinsu ne aka gina matatar mai ta farko kusa da Fatakwal, wadda ta fara aiki a 1965, kuma a cikinsu ne aka fara aikin madatsar ruwa ta Kainji a 1964 da rancen Bankin Duniya da na wasu ƙasashe. Saurayi ɗan shekara talatin da 'yan kai, wanda jiya-jiya yake riƙe da alli, shi ne ke zama a tebur ɗaya da shugabannin kamfanonin da kuɗinsu ya fi kasafin gwamnatin da yake wakilta.

Adis Ababa, Yunin 1960

Ranar da duniya ta fara jin sunansa ita ce a taro na biyu na ƙasashen Afirka masu 'yancin kai, wanda aka yi a Adis Ababa ta ƙasar Habasha a watan Yunin 1960. Saura wata uku da 'yan kwanaki Nijeriya ta karɓi mulkin kai, amma an gayyace ta, kuma Tafawa Ɓalewa ya ɗora wa Maitama Sule jagorancin tawagar.

Don a fahimci nauyin wannan aike, sai an san yadda Afirka take a lokacin. Gana ta samu 'yanci tun 1957, kuma shugabanta Kwame Nkrumah shi ne tauraron nahiyar. Shi ya kira taron farko a Akara a 1958, shi ya ƙulla tarayya da Gini ta Sekou Toure a ƙarshen wannan shekara, kuma burinsa shi ne ƙasashen Afirka su narke su zama ƙasa ɗaya mai gwamnati ɗaya tun kafin kowace ta saba da tutarta. Ministan harkokin wajensa, Ako Adjei, shi ya zo Adis Ababa da wannan shawara. Matasan Afirka da yawa, har da na Nijeriya, suna tare da Nkrumah, kuma duk wanda ya ja da shi a wancan lokaci, nan da nan za a kira shi yaron Turawa.

Maitama Sule ya tashi ya ja da shi. Abin da ya faɗa a taƙaice shi ne, Nijeriya ba ta ƙin haɗin kan Afirka, amma lokacin narkewa a zama gwamnati ɗaya bai yi ba. A fara da abin da hannu zai iya kaiwa, wato hanyoyin mota, da sadarwa, da ciniki, da musayar ilimi, har jama'a su san juna, sannan siyasa ta biyo baya. Ya kuma yi gargaɗin cewa idan wani shugaba ya ɗauki kansa a matsayin mai ceto wanda aka aiko ya jagoranci nahiyar, to aikin haɗin kan zai rushe. Bai ambaci suna ba, amma babu wanda ke zauren da bai san inda aka nufa ba. Masu rubuta tarihin haɗin kan Afirka har yau suna kawo wannan jawabi a matsayin ranar da saɓanin da ke tsakanin ɓangarorin biyu ya fito fili.

Ra'ayin ba nasa ne shi kaɗai ba, manufar gwamnatin Tafawa Ɓalewa ce, kuma wannan shi ne aikin ɗan aike. Gudummawarsa ita ce ya faɗe ta ta yadda aka ji ta, aka kuma riƙe ta. A 1961 Afirka ta rabu gida biyu, rukunin Kasablanka na masu son gaggawa da rukunin Monrobiya na masu bi sannu. Aka sake zama a Ikko a Janairun 1962. Da aka zo kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, OAU, a Adis Ababa ranar 25 ga Mayun 1963, tsarin da aka amince da shi ya fi kusa da abin da tawagar Nijeriya ta faɗa shekara uku kafin nan: kowace ƙasa ta riƙe 'yancinta, a yi aiki tare a kan abin da aka yarda.

Shin ya yi daidai? A ganina ya yi daidai a rabi. Tarayyoyin da aka ƙulla da gaggawa ba su yi ƙarko ba. Tarayyar Mali, wadda ta haɗa Senegal da ƙasar da ake kira Mali a yau, ta watse a Agustan 1960, wata biyu kacal bayan jawabinsa. Haɗakar Masar da Siriya ta rushe a 1961. Ta Gana da Gini da Mali ba ta wuce takarda ba. Amma wajibi ne a yi wa Nkrumah adalci. Masu cewa a bi sannu sun yi alkawarin hanyoyi da sadarwa da ciniki, kuma sannun ta yi yawa. Sai a 1975 aka kafa ECOWAS. Sai a 2018 aka sa hannu a kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar a Kigali. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, amma sai a 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, garin da fatakenmu ke zuwa da jakuna tun kafin zuwan Turawa. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Mu kam mun daɗe.

Akwai wani abu da aka yi a wannan taro na 1960 wanda ba a cika tunawa da shi ba, alhali shi ne zaren da ya ɗinke farkon aikin Ɗan Masani da ƙarshensa. Wata uku kafin taron, ranar 21 ga Maris, 'yan sandan Afirka ta Kudu sun buɗe wuta a kan masu zanga-zanga a Sharpeville, suka kashe mutum 69. Taron Adis Ababa ya yanke shawarar a ƙaurace wa kayan Afirka ta Kudu, a rufe wa jiragenta tashoshin ruwa da na sama. A nan ne kuma Habasha da Laberiya suka ɗauki nauyin kai ƙarar gwamnatin wariyar launin fata gaban Kotun Duniya a kan ƙasar da yanzu ake kira Namibiya. A kan batun gwamnati ɗaya an rabu, amma a kan wariya baki ya zo ɗaya.

Shekarun gida

Bayan 1966 ya koma Kano. Ya yi kwamishina a gwamnatin Alhaji Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a a 1975, shi aka ba shugabancinta na farko. A Disambar 1978 ya nemi jam'iyyar NPN ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa. Ya zo na biyu a bayan Alhaji Shehu Shagari, kuma maimakon a je zagaye na biyu, sai ya janye ya mara wa Shagari baya. Har yau akwai masu zama suna lissafin yadda Nijeriya za ta kasance da ƙuri'ar ta juya. Wannan lissafi ne da ba ya ƙarewa, kuma ba shi ya tara mu ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya, 1981 zuwa 1983

A 1981 Shugaba Shagari ya tura shi birnin Niyok a matsayin zaunannen wakilin Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kuma zaɓe shi shugaban Kwamiti na Musamman mai Yaƙi da Wariyar Launin Fata. A siyasar gida wasu sun fassara naɗin da cewa an nesanta abokin takara ne. Ko da haka ne, kujerar da aka ba shi ba ta hutu ba ce.

Babban Zauren Majalisar ne ya kafa wannan kwamiti a 1962. Diallo Telli na Gini ne shugabansa na farko. Daga 1972 kujerar ta dawo hannun Nijeriya, kuma in ban da ɗan lokacin da Jeanne Martin Cisse ta Gini ta riƙe ta, a hannun 'yan Nijeriya ta zauna har aka rufe kwamitin a 1994: Edwin Ogbu, Leslie Harriman, Akporode Clark, Maitama Sule, Janar Joseph Garba, sannan Farfesa Ibrahim Gambari. Ba kyauta aka ba mu wannan matsayi ba. Nijeriya ta amince da gwamnatin MPLA a Angola a 1975 ba tare da jin maganar Amurka ba. Ta kafa asusun taimakon kudancin Afirka a 1976, wanda ma'aikata da ɗalibai suka zuba wa kuɗi daga aljihunsu. Ta karɓi baƙuncin babban taron duniya kan wariya a Ikko a Agustan 1977, kuma a Nuwambar wannan shekara Kwamitin Sulhu ya haramta sayar wa Afirka ta Kudu makamai. A 1979 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙwace kadarorin kamfanin BP. Duk wanda ya hau kujerar kwamitin daga Nijeriya, wannan tarihi ne ke tsaye a bayansa.

Sai dai Ɗan Masani ya iso ne a mafi munin lokaci. A Janairun 1981 Ronald Reagan ya hau mulki a Amurka, Margaret Thatcher kuwa tana mulkin Ingila tun 1979, kuma dukansu biyu ba su yarda da takunkumin tattalin arziki ba. Jami'in Reagan mai kula da Afirka, Chester Crocker, ya zo da manufar lallashi, wato a ja gwamnatin Pretoria a jiki maimakon a matsa mata. A Afrilun 1981 Amurka da Ingila da Faransa suka hau kujerar na-ƙi a kan ƙudurorin takunkumi game da Namibiya. A Agustan wannan shekara sojojin Afirka ta Kudu suka kutsa kudancin Angola, Amurka ta hana Kwamitin Sulhu ko da yin Allah wadai. Daga baya aka ƙulla 'yancin Namibiya da ficewar sojojin Kiyuba daga Angola, sharaɗin da babu shi a cikin ƙuduri mai lamba 435 na 1978.

A gida kuma, rijiyar da ake ɗiba ta fara ja baya. Kasuwar mai ta faɗi. Nijeriya da ke haƙo fiye da ganga miliyan 2 a rana a 1980 ta koma ƙasa da miliyan ɗaya da rabi, har gwamnati ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a Afrilun 1982. Ƙasar da ta yi wa Ingila barazana da mai a 1979 yanzu ita ke neman masu saye. A Janairun 1983 kuma aka kori baƙin haure daga Nijeriya, mafi yawansu 'yan Gana, jaridun duniya suka cika da hotunan mata da yara a kan iyaka da ƙunshin kayansu. Ku auna halin jakadan da zai tashi a zauren duniya ya yi magana a kan haƙƙin baƙar fata a cikin wannan mako. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Wannan darasi ne da duk wanda ya taɓa wakiltar wata al'umma a waje ya sani, ko ƙasa ce ko gari: ana sauraronka gwargwadon nauyin gidan da ka fito.

To me ya rage wa shugaban kwamitin da ba shi da soja, ba shi da kujerar na-ƙi, wanda ƙasashen Yamma ma suka ƙi shiga cikinsa tun farko? Abin da ya rage shi ne a tsallake gwamnatoci a je wa jama'arsu. Wannan dabara ce da kwamitin ya daɗe yana bi tare da babban jami'insa, Enuga Reddy ɗan Indiya, wanda ya shafe shekaru fiye da ashirin a kan aikin, amma ta dace da baiwar Ɗan Masani kamar don shi aka yi ta. Aikin shi ne a yi magana da ƙungiyoyin ƙwadago, da malaman coci, da ɗaliban jami'a, da 'yan majalisa, da magadan gari, da 'yan wasa, a sa su matsa wa gwamnatocinsu daga ciki. Babban Zauren Majalisar ya ayyana 1982 a matsayin shekarar gangamin neman takunkumi a kan Afirka ta Kudu, kuma kwamitin da yake shugabanta ne ya ja ragamar gangamin.

Bari in kawo misali biyu don a ga yadda abin ke aiki. A Agustan 1981 birnin Glasgo na Sikotlan ya ba Nelson Mandela lambar zama ɗan gari, yana ɗaure a kurkuku, kuma Mataimakin Shugaban Nijeriya Dokta Alex Ekwueme ne ya karɓa a madadinsa. Daga nan magajin garin Glasgo, da goyon bayan kwamitin, ya zagaya da takardar neman a saki Mandela, magadan gari fiye da 2,000 daga ƙasashe sama da 50 suka sa hannu. Magajin gari ba ya tsara manufar harkokin waje, amma yana da masu zaɓe, kuma sunan da aka so a manta da shi a tsibirin Robben sai ga shi a bakin talakawan Turai.

Misali na biyu shi ne rajistar suna. Tun 1981 aka fara buga sunayen 'yan wasan da suka je Afirka ta Kudu suka yi wasa, a 1983 kuma aka ƙara da ta mawaƙa da 'yan fim, musamman masu zuwa wurin shaƙatawa na Sun City inda ake biyan kuɗi masu yawa. Ba a ɗaure kowa, ba a ci tarar kowa. Suna kawai ake rubutawa, ba a kuma gogewa sai mutum ya yi alkawarin ba zai koma ba. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan makami, domin mun san abin da kunya ke yi wa mai mutunci, mun san tsoron shiga bakin duniya. Fararen Afirka ta Kudu masu son wasanni ne ƙwarai, kuma rufe musu filayen duniya ya taɓa su a inda jawaban siyasa ba su kai ba.

Kada in bar ku da zaton cewa nasara aka yi ta samu. A Nuwambar 1982 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ba gwamnatin wariya rancen dala fiye da biliyan 1, duk da Babban Zauren Majalisar ya nemi kada a bayar. A Disambar wannan shekara sojojinta suka shiga Maseru, babban birnin Lesoto, cikin dare, suka kashe mutum 42. A Yunin 1983 aka rataye matasa uku 'yan ANC, Mogoerane da Mosololi da Motaung, bayan Kwamitin Sulhu kansa ya roƙi a yi musu sassauci. Ranar da Ɗan Masani ya bar Niyok, Mandela yana kurkuku, Namibiya tana hannun mamaya, kuma babu takunkumin tattalin arziki na dole ko guda. Wanda zai auna shekarunsa biyu da abin da aka samu a cikinsu kawai, zai ce an yi ta magana ne a banza.

Amma a duba abin da ya biyo baya. A 1985 manyan bankunan Amurka suka ƙi sabunta wa Afirka ta Kudu bashi, darajar kuɗinta ta faɗi. A Oktoban 1986 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar takunkumi, Reagan ya ƙi sa hannu, 'yan majalisa har da na jam'iyyarsa suka tara ƙuri'ar da ta rinjaye shi. Waɗannan 'yan majalisa sun ji matsi ne daga jami'o'i da coci-coci da ƙungiyoyin ƙwadago da majalisun birane, wato wuraren da aka yi shekaru ana zuwa ana magana. Ba na cewa Ɗan Masani ne ya kawo ƙarshen wariya. Mutanen Afirka ta Kudu ne suka 'yanta kansu da jininsu, a Soweto da sauran unguwanni, kuma ƙarewar yaƙin cacar baka ta taimaka. Abin da nake cewa shi ne, akwai shekarun da ƙofofin manyan gwamnatoci suka rufe, ana bukatar wanda zai hana wutar mutuwa har iska ta juya, kuma a biyu daga cikin mafi tsananin waɗannan shekaru, shi ne ke riƙe da ita. An saki Mandela ranar 11 ga Fabrairun 1990, Namibiya ta samu 'yanci ranar 21 ga Maris na wannan shekara, shekara 30 cif bayan Sharpeville.

Wani abin lura shi ne, mutumin da ya ce a bi sannu a 1960 shi ne ya ce a gaggauta a 1982, kuma a Niyok manyan ƙasashe ne ke ba shi irin shawarar da ya taɓa ba Gana, cewa a yi haƙuri, sauyi ba ya zuwa dare ɗaya. Wani zai ga saɓani a nan. Ni ban gani ba. A Adis Ababa ana maganar gina gida ne, kuma gini yana son a jira tubali ya bushe. A Niyok ana maganar gidan da ke cin wuta da mutane a ciki. Sanin bambancin waɗannan biyu, da iya faɗar kowanne a inda ya dace ba tare da zagi ba, shi ne abin da nake ganin ya raba shi da sauran masu iya magana.

Bayan zaɓen 1983 Shagari ya kira shi gida ya ba shi sabuwar ma'aikata, ta shiryar da al'umma da gyaran ɗabi'u, wadda aka ƙirƙiro don yaƙi da cin hanci da rashin ɗa'a. Bai cika wata uku a ofis ba sojoji suka kifar da gwamnatin ranar 31 ga Disamba. Daga nan bai sake riƙe muƙamin minista ko na jakada ba. Sauran shekaru talatin da uku na rayuwarsa ya yi su ne a matsayin dattijon ƙasa, ana gayyatarsa Ikko da Inugu da Abuja da Kaduna, yana magana a kan adalci da shugabanci da zaman tare. A ƙarshen rayuwarsa idanunsa sun tafi, sai an riƙe masa hannu zuwa kan mumbari, amma yakan yi sa'a guda yana jawabi ba takarda, yana kawo sunaye da shekaru ba tare da tuntuɓe ba. Mafi yawan matasan da ke zauren nan wannan Ɗan Masanin suka sani, tsoho mai rawani da murya mai ratsa jiki, shi ya sa na ga ya dace su ji labarin saurayin Adis Ababa da jakadan Niyok.

Ya rasu a wani asibiti a birnin Alƙahira ranar 3 ga Yulin 2017, aka kawo shi Kano, aka yi masa salla a fadar Sarki. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya.

Mai girma shugaban taro, a nan zan dakata.